Daga Farin Dutse Zuwa Asusun Haɗin Gwiwa: Mulki da Kuɗi a Ƙasar Gaya

Duk inda aka zauna hirar cin hanci a ƙasar Kano, da wuya a tashi ba a ɗora laifin a kan ɗayan abu biyu ba. Wasu su ce halin mutane ne ya lalace, wasu su ce dimokuraɗiyya ce ba ta karɓe mu ba. Tarihin ƙasar Gaya, wadda Ajingi take cikinta tun kafin a yanka mata tata ƙaramar hukumar, yana nuna wani abu dabam wanda ya girmi 'yan siyasar yau, ya girmi Turawa, ya girmi ma jihadi. Wanda duk ya riƙe mutanen wannan yanki, sarki ne ko hakimi, kantoma ne ko ciyaman, idonsa yana kan Kano, domin a can ake ɗora shi, a can kuma ake sauke shi. Sunan kujerar ya sha canzawa, hanyar da kuɗi suke bi ma ta juya baki ɗaya, amma wanda mai mulki yake tsoro bai canza ba. A ganina nan ne tushen ɓarnar, kuma duk gyaran da bai taɓa wannan wuri ba, kwaskwarima ce.

Gaya ba ƙauyen Kano ba ce da ta girma daga baya. Labarin Bayajidda ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, kuma Abagayawa, maƙeran da ake dangantawa da zaman farko a gindin Dala, daga Gaya aka ce sun taso. Ko an ɗauki waɗannan a matsayin almara, kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Agalfati a matsayin Sarkin Gaya a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, ya kuma danganta asalinsa da Machina. Ke nan gari ne mai sarautarsa da tamburansa, a kan hanyar gabas, wanda Kano take buƙata kuma take shakka.

Abin da ya faru a ƙarshen ƙarni na 17 ya cancanci a tsaya a kansa. A zamanin Sarkin Kano Dadi, 1670 zuwa 1703, Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara uku bai kai haraji Kano ba. Dadi bai tura masa runduna ba. Lallaɓa shi ya yi har ya zo ganawa, aka kashe shi. Sai dai Farin Dutse yana da 'ya, Maryama, a gidan Dadi, kuma ɗanta Muhammadu Sharefa ne ya gaji sarautar Kano a 1703, ya riƙe ta har 1731. A zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano. To, wannan jikan mutumin da aka kashe a kan ƙin biyan haraji, shi ne kundin ya ce ya ƙirƙiro hanyoyi bakwai na tatsar jama'a, har da kuɗin da ake karɓa idan za a aurar da budurwa da kuɗin kasuwar Kurmi, kuma marubucin bai ɓoye ba, ya ɗauke su duka a matsayin ƙwace. A shafi ɗaya aka rubuta ɗaukakar Gayawa a fada da ƙaruwar zalunci a ƙasa. Masu cewa maganin talaucin gari shi ne a samu ɗan garin a sama, ya kamata su karanta wannan shafi sau biyu. Dangin uwar sarki sun samu muƙamai, manomi kuwa, na Gaya da na ko'ina, sabbin kuɗaɗe aka ɗora masa. Tawayen Farin Dutse kansa, in an duba da kyau, rigima ce tsakanin manya biyu a kan wa zai riƙe abin da aka karɓa daga talaka, domin ƙin kai haraji Kano ba ya nufin an daina karɓarsa a ƙauye.

Duk da haka talakan wancan zamani yana da makami guda, wato ƙaura. Kumbari ɗan Sharefa, 1731 zuwa 1743, ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, ya kuma ɗora wa malamai kuɗi. Larabawan Kano suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse cikin karkara. Wannan ba ƙaramin hukunci ba ne a zamanin da daji yake da yawa, mutane suke da kaɗan. Arzikin sarki mutane ne. Dagacin da ya cika zalunci zai wayi gari unguwa ta zama kufai, abin da zai kai sama ya ragu, wanda ya naɗa shi ya tambaye shi dalili. Talaka ba shi da bakin tuhumar mai mulki, amma tafiyarsa tana taɓa aljihun mai mulki, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa wa haɗama iyaka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya jero irin waɗannan ɗabi'u cikin laifuffukan sarakunan Hausa, ya kira su da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, kamuwa. Jihadi ya kawar da Sarki Alwali a 1807, ya kawo sabbin gidajen sarauta da sabuwar hujjar mulki, amma kafin ƙarni na 19 ya ƙare gaisuwa ta koma mazauninta. Yawancin masu riƙe da garuruwa suna zaune a birni, jakadunsu ne suke zagayawa karɓar kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi, kowane hannu da dukiyar ta ratsa sai ya rage wani abu.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Cikin 'yan shekaru Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, ya tilasta wa hakimai fita su zauna a ƙasashensu, aka soke aikin jakadu. Wajen 1910 aka kafa Baitulmali, aka tattara ƙananan kuɗaɗen nan suka zama haraji guda da ake biya da kuɗin Turawa, aka fara yanka wa masu sarauta albashi. A takarda wannan gyara ne, kuma da sunan yaƙi da zalunci aka yi shi. A aikace ya ƙara ɗaure mai mulki ga na sama da shi. Ma'aunin hakimi nagari a idon Di'o shi ne harajinsa ya cika kuma ya shigo da wuri. Hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya tsaya a ƙofar manomin da gyaɗarsa ba ta yi ba. Ƙaura kuma ta rage amfani, tunda duk gundumar da mutum ya koma, harajin nan ne, littafin nan ne, 'yan dokan En'e (hukumar gargajiya) da alƙalin En'e da gidan yarin En'e ne. Ba 'yan adawa kaɗai suka ga haka ba. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, yana kukan cin hanci da rashin sauraron talaka, kuma a watan ne aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano. A 1963, bayan binciken da Bature Muffett ya yi a kan kuɗaɗen En'e ta Kano, Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya sauka daga gadon sarauta ya koma Azare. Ko wannan babban hukunci daga Kaduna ya zo, kuma siyasar Sardauna da Sarki tana cikinsa.

Dattawa da yawa za su ce an yi wa En'e rashin adalci a wannan bayani. Za su ce a lokacin akwai littafi, akwai mai bincike, Di'o yana rangadi, dagacin da ya ci kuɗin haraji tuɓe shi ake yi, wani ma a ɗaure shi, kuma da ɗan abin da ake tarawa aka haƙa rijiyoyi, aka gina ɗakunan shan magani da makarantun elementare. Wannan gaskiya ce, kuma abin kunya ne ga masu riƙe da ƙananan hukumomi a yau. Amma a lura da irin satar da ake hukuntawa. Wanda ya taɓa kason Baitulmali ya shiga uku. Wanda ya cika kason Baitulmali, sannan ya ƙara nasa a kan talaka, ya sa aka yi masa noma kyauta, ya karɓi gaisuwa kafin ya raba gado ko ya ba da gona, sau da yawa lafiya lau yake gama zamaninsa, sai fa in yana da maƙiyi a fada. Tsarin yana da ido, amma baitulmali yake gadi.

Babban juyi ya zo a shekarun 1970. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon gudanarwa, ya kafa majalisu da ake sa ran jama'a za su zaɓa, ya kuma ba su kaso daga asusun tarayya, wanda man fetur ya cika. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Ba na cikin masu kukan wannan mataki. Haraji ne da ake karɓa daga mai shanu ɗari da mai akuya ɗaya kusan bai ɗaya, da wulaƙanci da bulala, kuma mutanen da suka sha ɗauri a zamanin NEPU sun cancanci ganin ƙarshensa. Amma sai an faɗi abin da ya biyo baya. Shekaru ɗaruruwa dukiya tana tashi daga ƙauye ta nufi birni. Daga wannan lokaci ta koma saukowa daga Legas, daga baya Abuja, ta biyo ta Kano. Yau ƙananan hukumomin Nijeriya 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ana raba shi bisa ma'aunai irin su daidaito da yawan jama'a da faɗin ƙasa. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum kimanin dubu 200, Ajingi kuma sama da dubu 170, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake lissafi har yanzu. Saboda haka in samarin Toranke ko Balare ko Kademi sun kwashe sun tafi ci-rani Kano ko Legas, in kasuwa ta mutu, in gona ta daina bayarwa, ko sisi ba ya raguwa a kason wata. Ƙaurar da ta girgiza Kumbari ba ta hana ciyaman barci. Talaka kuma, tunda ba daga aljihunsa kuɗin suka fita ba a zahiri, ya koma kallonsu a matsayin kuɗin gwamnati, abin da aka ba shi daga ciki kyauta ce da za a yi godiya a kanta. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ƙarasa aikin, da ya ce kason ƙananan hukumomi ya fara shiga asusun haɗin gwiwa da jiha. Mabuɗin wannan asusu a Kano yake.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce a kusanto da mulki ga jama'a, kuma babu inda aka gwada wannan magani kamar ƙasar Gaya. A shekarun 1990, zamanin soja, aka cire Ajingi ta zama ƙaramar hukuma. An samu sakatariya, an samu kujerun kansiloli goma, an samu guraben aiki, kuma ba za a raina wannan ba ga mutumin da a da sai ya je Gaya neman takardar shaidar ɗan ƙasa. Sarautar ma an yi ta ɗaga ta ana saukewa. Rimi ya ɗaga Gaya ta zama masarauta mai cin gashin kanta a 1981, a tsakiyar rigimarsa da fadar Kano, rigimar da ta kai ga tarzomar 10 ga Yulin shekarar, inda aka kashe mai ba shi shawara Dakta Bala Muhammad. Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rushe matakin a 1983. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya maido da masarautar a Mayun 2019 tare da Bichi da Rano da Ƙaraye, yana cikin takun-saƙa da Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, kotu ta soke dokar, majalisa ta sake yin wata a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe ta, sannan a watan Yuli aka maido da ita a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Gaya, Ajingi da Albasu. Mutanen Gaya suna da hujjar tarihi mai ƙarfi ta neman sarautarsu, tunda ta girmi yawancin masarautun Arewa. Amma a waɗannan juye-juye duka, rigimar gwamna da wani a birnin Kano ce take yanke hukunci. Sandar da gwamna ya bayar, wani gwamnan yana iya karɓewa, kuma mai riƙe da ita ya san haka. Ofis ya matso kusa da talaka, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Masu cewa dimokuraɗiyya ce ta gaza, sai a tambaye su yaushe aka gwada ta a wannan mataki. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, gwamna ne kuma yake naɗa shugabanninta. A Fabrairun 2018 APC mai mulkin jiha ta lashe kujeru 44 cikin 44. A Janairun 2021 ta sake lashe 44. A Oktoban 2024 NNPP, jam'iyyar gwamna a lokacin, ita ma ta lashe 44. Babbar jam'iyyar adawa kan ƙaurace ma tun kafin ranar, a tsakanin zaɓuka kuma kantomomi aka riƙa naɗawa. Ba mai hankalin da zai yarda cewa ra'ayin mutanen Gaya da Ajingi yana juyawa ɗari bisa ɗari daidai ranar da aka canza mai gidan gwamnati. Hujjar tana cikin akwatunan nan nasu. A zaɓen tarayya na 2023, wanda INEC ta shirya, Kano ta Kudu ta sauke Sanata Kabiru Gaya, tsohon gwamnan jihar na 1992 zuwa 1993, wanda ya riƙe kujerar tun 2007, ta zaɓi Kawu Sumaila. Mazaɓar Gaya, Ajingi da Albasu ita ma ta canza ɗan majalisar wakilanta. Ba ina cewa wanda ya faɗi ya yi laifi ko wanda ya ci ya fi shi ba, kuma kowa ya san taliya da atamfa da sabulu suna yawo a daren zaɓe. Abin lura shi ne mutanen da ake cewa talauci da jahilci sun hana su hukunta shugaba, sun sauke manya biyu a rana ɗaya da aka ƙirga ƙuri'arsu. Kujerar da ta fi kusa da rijiyarsu da asibitinsu da makarantar 'ya'yansu ita ce ba a bari su taɓa.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. An yi murna, amma masu shakka suna da hujjar da ba za a share ba. Sun ce za a raba ɓarna ne kawai gida 774. Suna tuna 1991, da gwamnatin Babangida ta miƙa wa ƙananan hukumomi albashin malaman firamare, malamai suka yi watanni ba a biya su ba a sassan ƙasar da yawa, har aka janye tsarin a 1993. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma yana ƙarfafa abin da tarihin Gaya ya nuna ne. Ciyaman ɗin da Kano ta zaɓa, ko an zuba masa kuɗi kai tsaye daga Abuja, ya san inda zai kai gaisuwa, kuma wanda ba ya tsoron kowa a ƙasa ba zai zama mai amana don an canza masa lambar asusu ba. Hukuncin ya gyara hanyar kuɗi a takarda, ya bar hanyar hawa kujera yadda take, shi ya sa wata uku bayansa aka sake ganin 44 cikin 44.

Akwai abin koyi daga Yuganda. Wani bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin ɗari kacal na tallafin da gwamnati take aika wa makarantun firamare ne yake isa gare su, saura yana maƙalewa a ofisoshin gunduma. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika a jaridu duk wata, ta kuma sa makarantu su manna nasu a allo inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da yake isa ya haura kashi 80. Nijeriya ma ta fara buga kason jihohi da ƙananan hukumomi a jaridu tun 2004, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi, amma tasirinsa a karkarar Kano bai taka kara ya karya ba. Dalili a fili yake. Jadawali ne da Turanci a jaridar da ba ta zuwa Gafasa ko Shagogo, yana faɗin abin da ya bar Abuja, ba ya faɗin abin da ya fito daga asusun haɗin gwiwa ko abin da aka yi da shi, kuma wanda ya karanta ya fusata ba shi da ranar da zai huce a akwati. A Yuganda iyaye sun san makarantar, sun san shugabanta, sun san adadin da ya kamata ya karɓa. Kwatankwacin haka a Gaya da Ajingi shi ne a karanta kason kowane wata da Hausa a gidajen rediyon Kano, waɗanda ake saurare a kowace rumfa, a manna kasafin kowace mazaɓa a ƙofar dagaci, sannan a cire zaɓen ciyaman da kansila daga hannun hukumar da gwamna yake naɗawa. Na farko da na biyu ba sa buƙatar komai sai umarni. Na ukun sai an gyara tsarin mulki, gyaran kuma ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma da wuya a samu majalisar jihar da take ƙetare maganar gwamnanta.